Mako Ukun da Na Rage wa Hajara

Da sunan Allah, Mai ba da lafiya, Mai ba da haƙurin rashinta.

Shekara goma sha huɗu ina koyar da lissafi a wata sakandare a Isa, kuma a iya sanina ban taɓa ba ɗalibi maki a kan amsar da ba daidai ba. Kuskurena mafi girma a gida na yi shi, da jan biro, a bayan takardar asibiti, babu wanda ya duba mini aikin. Ina rubuta wannan ne saboda mazan da za a miƙo wa irin takardar nan, musamman masu ɗan karatu irina. Wanda bai iya karanta ta ba ya fi mu tsira, don shi tambaya zai yi.

Azumin shekarar ya faɗo a ƙarshen damina, in har za a kira ta damina. Ita ce ta biyu a jere da ruwa ya ɗauke gero na tsaka da fitar da kai. Abin da aka yanka a gonarmu ta Kamarawa jaki ɗaya ya kawo shi gida, bai ko yi nishi ba. Mahaifiyata, Inna, ta dawo wurinmu da zama. Sauran dangi kuwa, duk wanda ya shigo Isa sai ya tuna yana da ɗan'uwa malamin makaranta, kuma tunawar takan zo masa daidai lokacin kwashe tuwo.

Matata Hajara 'yar Burkusuma ce. Ta yi Islamiyya, ba ta yi boko ba. Muna da 'ya ɗaya, Zainabu, mai shekara huɗu a lokacin. Hajara ta ga al'adarta ta ƙarshe a goman ƙarshe na Sha'aban, ta yi wanka, ta ɗauki azumi, ba ta sha ko ɗaya ba har aka ga watan Sallah. A nan ta san tana da ciki. Ku riƙe wannan da kyau. Mace takan manta shekarunta, amma ba ta manta azumin da babu ramuwa a kanta.

Cikin ya tafi shiru, babu laulayi mai tsanani. Abin da kawai aka lura, bai fito ba. Matan unguwa har yaba shi suke yi, wai ciki ne mai kunya, haihuwarsa za ta zo da sauƙi. Sai da bazara ta kama, ya shiga wata na bakwai, nas ɗin da ke yi mata awo ta ɗora tef irin na tela daga ƙasan mara zuwa saman ciki, ta sake ɗorawa, ta tambaye ta ko tana cin abinci. Hajara ta ce tana ci. Nas ta rubuta mana takardar hoton ciki. Allah Ya saka wa matar nan da alheri. Mata sun fi hamsin a layi, ga zafi, amma ta auna sau biyu.

Na'urar hoton tana wani ƙaramin asibiti a Sabon Birni, likitan kuma ran Laraba kaɗai yake zuwa. Larabar farko mun tarar janareto ya ƙi tashi, muka wuni a inuwar dogon yaro muka dawo. Laraba ta biyu muka samu shiga bayan azahar.

Likitan matashi ne, mai magana a hankali. Ya shafa mata wani abu mai sanyi a ciki, ya daɗe yana yawo da kan na'urar. Ni dai hazo nake gani a allon. Can ya tambayi yaushe ta ga jini na ƙarshe, ta faɗa masa. Ya juya wani ɗan faifan kwali, ya ce mako talatin da ɗaya ke nan. Sa'an nan ya nuna mini takardar da na'ura ta fitar. Kan ɗan ya kai girman na mako talatin. Ƙashin cinya, ashirin da takwas. Zagayen cikinsa, ashirin da shida. A ƙasa na'ura ta haɗa su ta rubuta ashirin da takwas, har da ranar haihuwa tata ta kanta, mako uku bayan wadda lissafin Hajara ya bayar.

Ya ce, "Malam, layin ƙasan nan kada ka bi shi. Ɗan da bai kai watanni ba, duk jikinsa ke ƙanƙanta tare. Wannan kansa ya kusa daidai, cikinsa ne ya tsaya. Abinci ba ya isarsa. Mabiyiya ce ta gaji."

Mabiyiya ta gaji. Wannan kalma har yau tana kunnena. Ya ce ruwan da ɗan ke kwance a ciki ya yi kaɗan, jinin Hajara kuma ya ɗan hau. Ta huta, ta ci, ta riƙa ƙirga motsi, mu dawo bayan mako biyu. In bai ƙaru ba, sai Sakkwato.

A gida Inna ta saurari bayanin tana tsintar wake. Da na gama ta ce, "Wanga shi na abin da kunka kwashe yini biyu kuna nema? Cikin kwantawa yay yi. Ba yau anka fara ba. Gwaggonka ta Bafarawa wata goma sha huɗu tay yi da cikin autanta, ga shi can har ya aje gemu. Shekara in tay yi tsanani, ɗa kwantawa shikai, in ƙasa tay yi sanyi ya tashi."

Na ce, "Inna, ɗa ba kwaɗo ba ne da zai shige ƙasa ya jira damina."

Ta ce, "To, ɗan boko. Kai da kad daɗe cikina, ai kai ka fi mu sani."

Hajara ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Ina jin ita ce dariyarta ta ƙarshe a wannan jinya.

Na raina maganar Inna, amma ban kwana biyu ba na gina tawa, wadda ta fi tata kyan tufafi kawai. Na zauna a ɗakin malamai lokacin hutun tara, na juya takardar na ɗauko jan biro. Talatin, ashirin da takwas, ashirin da shida: a haɗa, a raba uku, ashirin da takwas cif. Matsakaici ke nan, darasin da nake koya wa 'yan aji ɗaya. Na'ura ba ta yi kuskure ba. To ina mako ukun? Sai na tuna na taɓa karantawa cewa yunwa da wahala kan ɗauke wa mace jini. Shi ke nan: jinin ya ɗauke saboda fari da azumi, cikin kuma bai shiga ba sai kusan Sallah. Ɗan ba ƙarami ba ne, ƙuruciya ce. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar, yadda nake sa yara su yi.

Na kawo mata albishir tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta ce, "Malam, ni hwa ban sha azumi ba."

Na ce ai abin da nake faɗa ke nan, yunwa ce ta ɗauke jinin.

"Wace yunwa? A lokacin akwai sauran tsohon hatsi. Ni na san watana."

Na ce, "Ke kin san wata, na'ura ta san milimita."

Ba ta san milimita ba, don haka ta yi shiru. Na ɗauki shirun a matsayin ta gane.

Ba zan ce ban yi ƙoƙari ba, kuma wannan ma wani abin haushi ne. Na sayar da tunkiyar da muke kiwo saboda suna, na ce a fara samun ɗan tukuna. Ina sayo hanta ran kasuwa, da ƙwai, da ƙuli-ƙuli na kwaɗon zogale. Nono ne ya gagara, don Fulani sun yi kudu da shanu tun kafin lokaci. Sai dai ci a gaban idon yarinya 'yar shekara huɗu ba abu ne mai sauƙi ba. In na kawo ƙwai biyu, ɗaya Zainabu. In baƙi sun zo daga Kamarawa, Hajara ce ke cewa ta riga ta ci. Maƙwabciyarmu, matar wani mai gyaran babur, ta ɗauke mata daka da ɗibar ruwa ba tare da an roƙe ta ba. Ba za ni manta da ita ba. Haka kuma ba za ni manta da masu zuwa dubiya da ƙullin saiwa, su zauna har a sauke tukunya ba.

Ƙirgar motsi kuwa da wake take yi. Inna ta ba ta ƙoƙo biyu. Duk sanda ɗan ya motsa, ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga wannan ta jefa a wancan. Likita ya ce daga safe zuwa la'asar a samu goma. A makon farko ana samu tun kafin azahar. In na dawo daga makaranta, kafin in cire takalmi sai na leƙa ƙoƙon.

Bayan mako biyu muka koma Sabon Birni a babur, a hankali, ina kauce wa ramuka. Wannan karon likitan bai daɗe ba. Kai ya ƙaru da mako ɗaya, cinya haka. Cikin ɗan yana nan inda yake. Ruwan ya ƙara raguwa.

Ya ce, "Ku tafi Sakkwato cikin makon nan. Ina jin fitar da shi za su yi. Yanzu waje ya fi masa ciki."

Sai na ciro takardata mai jan biro. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, kamar ina gaban sufeto. Na ce a lissafin na'ura ɗan bai ko cika wata bakwai ba. In aka ciro shi yanzu, ko bakwaini bai kai ba. A bar shi mako biyu ya cika bakwai, sa'an nan mu tafi.

Ya dube ni, ya dubi layin mata da ke jira a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, in da watanni ne suka gaza, da a mako biyun nan ya yi girman mako biyu. Bai yi ba. Matarka ta san ranarta, ita za ka bi." Ya rubuta takardar turawa ya miƙo mini. Na gode masa, don gaskiya ya faɗa. Ina kuma da ƙorafi a kansa, don bai daka mini tsawa ba. Mutum irina tsawa yake ji. Amma mata talatin na jiransa, man janareto na ƙarewa, ba shi da lokacin gardama da malamin lissafi.

A hanya Hajara ta yi magana daga bayana, iska na kwashe rabin muryar. "Malam, mu tai."

Na ce za mu je, mako biyu ne kawai.

"Motsin nai ya sake. Da shuri shikai, yanzu sai dai ya ɗan juya."

Na ce zafi ne, ko mu manya ba mu son motsi a wannan rana.

Da Inna ta ji maganar fitar da ɗa sai ta tafa hannu. "Yanka ta za su yi ke nan? A kan ɗan da ka kwance lahiya lau?" A makon ne mutanen Kamarawa suka fara binne, wato shuka gero a busasshiyar ƙasa a jira ruwan farko ya same shi a ciki. Ta ce, "Ƙannenka na can suna binne. Ka taɓa ganin wanda yat tone iri don ya ga ko ya tsira? Ku bar ma Allah abinai."

A ranar, karo na farko tun da na shiga makaranta, ni da Inna muka tsaya a kan amsa ɗaya. Ita ta zo ta hanyar kwantaccen ciki, ni na zo ta hanyar matsakaici. Ya kamata wannan haɗuwa ta tsorata ni. Daɗi na ji. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba: jarrabawar ƙarshen zango ta kama, ni ke tsara jadawali, kuma tafiya Sakkwato na nufin sayar da babur. Mako biyun nan ya yi wa kowa daidai, ban da mutum biyu.

Waken ya fara ja da baya. Goma sai la'asar. Sa'an nan takwas. Rana ɗaya ya koma tara, na ce kun gani. Ƙafafun Hajara suka kumbura, takalminta ya daina shiga. Tana yawan dafe kai. Kullum da yamma hadari ya haɗu a gabas, mutane su fito suna kallo, iska ta taso ta watse shi. An fita roƙon ruwa sau biyu. Ita kuwa tana zaune a tabarma da ƙoƙunanta, hannu ɗaya a kan ciki, kamar mai sauraron sallama daga nesa.

Kwana na goma, ina tsaron jarrabawa, mai gadin makaranta ya ce ana nemana a gida. Na tarar da ita ta yi shiri, ta yafa mayafi, jakarta a gefe. Ta miƙo mini ƙoƙon. Ƙwaya biyu ne a ciki.

"Na jiya na," in ji ta. "Na yau babu."

A asibitin Isa nas ɗin nan mai tef ta ɗora abin sauraro ta daɗe tana nema. Ta ce tana jin wani abu can ƙasa-ƙasa, amma ba za ta rantse ba ko bugun uwar ne. Ta tambayi ina takardar turawa. Na ciro. Ta duba ranar da aka rubuta ta, ta dube ni. Na bar wa mai gyaran babur babur ɗina ya sayar, muka ɗauki shatar mota. Duk tsawon hanyar, gonaki ne fetal an yi binne, babu ko ɗigon kore. Inna na gaba tana jan carbi. Ba wanda ya yi maganar kwantaccen ciki.

Mun isa Sakkwato da la'asar. A can na'urarsu ta fi girma, allon ya fi haske, har ni na gane abin da nake gani: ga ƙirji, ga haƙarƙari, babu abin da ke bugawa. Likita mace ce. Ta tambayi watanni nawa. Na buɗe baki, Hajara ta riga ni. "Goman ƙarshe na Sha'aban," ta ce. Likitar ta rubuta, ba ta ko dubi takardata ba.

Aka sa mata ruwan naƙuda. Ta yi naƙuda cikakkiya, ta yini guda da wani abu, irin wadda ake yi don ɗa mai rai. Jininta ya hau sosai, sai da aka yi ta allura kada ta yi jijjiga. Ma'aikatan sun tsaya a kanta, na shaida. Na kuma shaida cewa duk abin da za a sa mata sai na fita waje na sayo, har safar hannu, kuma kowane abu kantinsa daban.

Mace ce. Da hantsi aka haife ta. Wata dattijuwar nas ta naɗe ta a zanen da Hajara ta tanada, ta kawo. Ba ta fi tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu ba, fatar ta yi mata yawa kamar rigar aro. Amma ga gashi baƙi ƙirin, ga kunne ya naɗe sarai. Nas ɗin ta ce, "Wa ya ce wannan ba ta kai bakwai ba? Ai ta doshi takwas. Yunwa ce kawai."

Hajara ta zaro ɗan hannun daga cikin zane, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Malam, matso ka ga akaihunta."

Na matsa. Faratan sun fito har sun kai bakin yatsu.

Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, a ranar ko bayanta. Da ta zage ni, da na samu abin riƙewa.

A Sakkwato muka binne ta, ni da wasu bayin Allah biyu da ban san sunansu ba. Kafin a sallame mu na tambayi likitar, in da mun zo ranar da aka turo mu fa? Ta ce wataƙila. Ta ce kwalaben da ake sa jarirai kaɗan ne, wuta na ɗaukewa, wasu masu wannan nauyin suna rayuwa, wasu ba sa yi. Ta ce kuma abin yana iya dawowa a wani cikin. Ban sani ba ko don ta sanyaya mini rai ta faɗi na farkon. Bai sanyaya ba. Yana nufin ko da na yi daidai, ba lalle in ci ba. Ni kuwa ban ma shiga jarrabawar ba.

Ranar da muka dawo aka yi yayyafi, wanda ya isa ya tsirar da binne, bai isa ya raya shi ba. Ruwa bai sake zuwa ba sai bayan kwana ashirin. Mutanen Kamarawa suka sake neman iri. Inna ta dafa wa Hajara ruwan wankan jego kwana arba'in cur, da itacen da take tsintowa da kanta, ga tsufa. Nono ya zo, aka ɗaure ƙirji da zane har ya kafe. Zainabu ta yi ta tambaya ina ƙanwar da aka ce za a sayo a Sakkwato. Wata rana Inna na fifita wuta, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ni dai jahila ta. Kai mi as sa?"

Wanda ya karanta wannan, ga abin da zan iya ba shi, ba yawa. In takardar hoto ta saɓa da ranar da matarka ta faɗa, kada ka gyara matar. In aka ce ɗa ya tsaya, ba kwantawa ya yi ba, ba kuma ƙuruciya ba ce. In aka rubuta maka Sakkwato, ranar ake nufi. Ban ce za ka dawo da ɗa a hannu ba. Har yau na'urar ran Laraba ce, hanyar tana nan yadda take, sama ma haka. Na dai ce ka je.

Darasin matsakaici na roƙi wani malami ya riƙa ɗaukar mini shi. Ya ɗauka ƙyuya ce, na bar shi a haka.

Shekara uku ke nan, ciki bai sake zama ba. Kwanan baya Hajara ta ce in kawo mata alli daga makaranta. Na kawo kwali guda, ta ɗauki ɗaya ta mayar mini da sauran. A bayan ƙofar ɗakinta take jan layi, wata bayan wata, da wasu alamomi nata da ban san ma'anarsu ba. Rannan na tsaya ina dubawa, na ce ko in taya ta haɗawa.

Ta ce, "A'a, Malam. Bar shi."

Allah Ya ba masu jinya lafiya. Ita kuma wadda ba mu raɗa wa suna ba, Allah Ya sa ta cece uwarta.